Iyalan Sojojinmu da Nauyin Maganar da Ba a Tabbatar Ba



Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina kuwa so mu zauna tare mu dube ta a wannan wata. Tambayar ita ce: idan mutum ya ɗauki maganar da bai tabbatar ba, ya kai wa wanda yake cikin baƙin ciki domin ya sanyaya masa zuciya, daga baya maganar ta tashi ba gaskiya ba ce, shin yana da laifi ko kuwa ba shi da shi? Da yawa daga cikinmu za su ce ba shi da laifi, tun da alheri ya nufa. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru, sai da na ga abin da irin wannan alheri ya jawo wa wata baiwar Allah a unguwar Daurawa.

Mijinta ƙaramin soja ne. An tura shi arewa maso gabas, inda ƙasarmu take fama da tayar da ƙayar baya tun shekarar 2009, a can kuma ya rasu a bakin daga. Ta bar bariki da 'ya'yanta uku, ta kama hayar ɗaki a Daurawa kusa da wata 'yar'uwarta. Tun ba a share makoki ba mutum uku suka zo mata da magana uku. Wata maƙwabciya ta ce mata ta kwantar da hankalinta, gwamnati tana ba kowace matar soja gida da miliyoyin kuɗi, ita da idonta ta gani a waya. Wani dattijo cikin dangi ya ce kada ta wahalar da kanta da zirga-zirga, ba a biyan kowa sai mai uwa a gindin murhu. Na ukun kuwa wani mai tsabtar riga ne da ya ce ya san wani a Abuja, in ta kawo abin buɗe fayil, cikin wata guda kuɗinta za su fito. Ta sayar da keken ɗinkinta ta ba shi. Daga ranar ba ta sāke ganinsa ba.

Na ukun ɓarawo ne, ba mu da gardama a kansa. Amma ku dubi na fari da na biyu. Dukansu suna ƙaunarta, babu wanda ya ci ko kwabonta. Duk da haka maganar maƙwabciya ce ta buɗe wa ɓarawo ƙofa, domin wanda aka gaya masa dukiya tana jiransa ba ya jin zafin ba da kaɗan. Maganar dattijo kuma ita ce ta rufe mata hanyar ofishin gaskiya, domin wanda aka ce masa tafiyarsa banza ce ba ya ɗaura takalmi. Fiye da shekara guda ta yi tsakanin sa rai da fid da rai. Lokacin da ta zo wurina barci ya ƙaurace mata, ta rame, babban ɗanta ya bar makaranta. Abin da ta ce mini har yau yana kunnena: “Fada, mutuwar na haƙura da ita, jiran nan ne yake ƙarasa ni.”

Ruwa ba ya tsami banza. Maganar maƙwabciyar tana da tushe, sai dai an ja ta har ta wuce iyakarta. A ranar 14 ga Maris, 2024, aka kashe sojoji 17 a ƙauyen Okuama na Jihar Delta. A wurin jana'izarsu a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja, Shugaba Bola Tinubu ya yi wa iyalansu alkawarin gidaje da ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansu, ya kuma ba da umurni a biya su haƙƙoƙinsu cikin kwana 90. Wannan alkawari ne da aka yi wa waɗancan iyalai musamman. Amma kafin labarin ya ratsa wayoyi ya iso Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, ya riga ya zama doka a bakin mutane, wai kowace gwauruwar soja tana da gida. Haka jita-jita take: ta kan ɗauki ƙwayar gaskiya guda ta kumbura ta, har mai ita ma ya kasa gane ta.

To, mece ce gaskiyar? Iyalin sojan da ya rasu a bakin aiki suna da haƙƙoƙi, ba kuwa alfarma ba ce ake yi musu. Akwai kuɗin hidimar jana'iza, akwai kuɗin inshorar rai da gwamnati take yi wa ma'aikatanta, akwai garatuti da sauran abin da ya shafi shekarun aikinsa, akwai kuma tsarin tallafa wa karatun 'ya'yan mamacin. Al'amarin fansho da garatuti yana hannun Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja. A nan ma akwai wurin da masu ba da shawara suke tuntuɓe. Dokar fansho ta 2004 ta sa sojoji cikin tsarin da ake yankar albashi ana tarawa a kamfanonin fansho, amma gyaran da aka yi mata a 2011 ya fitar da su daga ciki. Saboda haka malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da zai kwatanta wa matar soja hanyar da ya bi ya karɓi nasa, da zuciya ɗaya zai yi, amma hanyar wani gari zai nuna mata.

Hanyar gaskiya daga rundunar da mamacin ya yi aiki take farawa, domin a can takardunsa suke, su ne kuma suke tura bayani gaba. Abin da ya fi jawo rikici shi ne sunan da soja ya rubuta a matsayin makusancinsa, wanda ta hannunsa ake bin sha'anin haƙƙoƙin. Sau da yawa saurayi ya kan shiga soja ya rubuta sunan mahaifinsa ko wansa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, bai koma ya gyara ba. Ranar da ta Allah ta kasance, sai matar ta tarar sunanta ba ya ko'ina, dangi kuma su rabu gida biyu. Wannan ba laifin aljani ba ne, ba kuma makircin kowa ba. Sakaci ne da alƙalami zai iya gyarawa tun mutum yana da rai. Abu ɗaya kuma da ya kamata kowa ya riƙe: haƙƙi ba a sayensa. Duk wanda ya nemi kuɗi domin ya fito da haƙƙin marayu, ya riga ya faɗi ko shi wane ne.

Adalci bai yarda mu ɗora wa talakawa laifin duka ba. Jinkiri gaskiya ne. A shekarar 2025 an ga tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman a biya su abin da suke bi. Inda hukuma ta yi shiru, can jita-jita take tsiro, kamar yadda ciyawa take cinye gonar da aka bari ba noma. Ma'aikacin da ya san amsa ya ƙi buɗe baki, ko ya ce wa gwauruwa ta je ta dawo sau goma ba tare da ya gaya mata takardar da ta rage ba, shi ma yana da kaso cikin ƙaryar da za ta ji a waje. Amma jinkiri dabam, hani dabam. Dattijon da ya ce ba a biyan kowa ya ɗauki wahalar da take akwai ya mayar da ita ƙofa rufaffiya, alhali ƙofar a buɗe take, nauyi kawai gare ta.

Wannan ke nan game da kuɗi. Akwai wata jita-jitar da ta fi wannan illa, ita ce wadda ta shafi lafiyar zuciya da tunani. Ba duk sojan da ya dawo da ƙafafunsa biyu ne ya dawo lafiya ba. Tun zamanin da aka tura sojojinmu Laberiya a 1990, daga baya kuma Saliyo, har zuwa yaƙe-yaƙen Borno da dazuzzukan Zamfara, matan bariki sun san mijin da ya kan farka tsakar dare cikin gumi yana ihu, wanda ƙarar rufe ƙofa take sa shi zabura, wanda ba ya iya zama ya juya wa ƙofa baya, wanda ya daina wasa da 'ya'yansa, ya koma neman barci a cikin kwalba ko ƙwaya. Mu mutanen Kano bai kamata wannan ya zama baƙo a gare mu ba. Waɗanda suka ji fashe-fashen ranar 20 ga Janairu, 2012, sun san yadda fashewar taya ta riƙa tsinka musu zuciya watanni bayan haka. Mu yini guda muka gani; ku auna wanda ya yi shekaru a cikinsa.

Likitoci sun san wannan ciwo, suna taƙaita sunansa da haruffa huɗu, PTSD, wato firgicin da yake zama a jikin mutum bayan ya ga tashin hankali mai tsanani. Duniya ta daɗe kafin ta gane shi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila ta harbe sojojinta 306 bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen fama da ragwanci, alhali ana ganin da dama daga cikinsu wannan ciwo ne ya kama su. Sai a 2006 aka yi musu afuwa, bayan ƙasa ta daɗe da cinye ƙasusuwansu. A Amurka ma sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, likitocin ƙwaƙwalwa suka sa shi cikin jerin cututtukan da aka sani. Ciwon ba ya tsayawa kan soja shi kaɗai. Matar da take kwana cikin fargaba, da yaron da ya koyi tafiya da sanɗa a gidan ubansa, da uwar da take zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara, dukansu suna ɗauke da rabonsu.

Me muke gaya wa irin waɗannan iyalai? Wani ya ce ragwanci ne, namiji ba ya kuka. Wani ya ce jinin waɗanda ya kashe ne yake binsa. Wata ta ce sammu ne daga dangin miji. Wani kuma ya ce kada a kuskura a je asibiti, da zarar an rubuta sunansa shi ke nan an kore shi ba ko sisi. Duk masu faɗin waɗannan ba su tambayi likita ba, ba su karanta ƙa'idar aikin soja ba, amma suna magana kamar masu hatimi. Sakamakon kuwa shi ne a ɓoye mara lafiya a ɗaki har ciwon ya ci ƙarfinsa, wani lokaci ya huce a kan matarsa, wani lokaci a kan kansa.

Ga abin da ya kamata a sani. A shekarar 2022, wajen aza harsashin cibiyar kula da sojoji masu wannan ciwo a Abuja, wadda ƙungiyar matan hafsoshin tsaro da na 'yan sanda ta ɗauki nauyi, Hajiya Aisha Buhari ta faɗa a bainar jama'a cewa mijinta, janar kuma shugaban ƙasa a lokacin, ya yi shekaru yana fama da shi, bayan yaƙin basasa da tsarewar da aka yi masa. In janar bai fi ƙarfinsa ba, don me kofur zai ji kunya? A watan Janairu na 2023 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da take kallon mara lafiya kamar abin tsarewa. Sabuwar ta ɗauke shi mutum mai daraja da haƙƙin a yi masa magani. Magani kuwa yana kusa da mu. Daga Daurawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya tafiyar 'yan mintoci ce a adaidaita-sahu, akwai kuma sashen likitocin ƙwaƙwalwa a ciki. Akwai asibitin Dawanau. Sojoji suna da nasu asibitoci, har da babban asibitinsu na 44 da ke Kaduna. Likitocin wannan fanni sun yi kaɗan ƙwarai a ƙasarmu, layi kuma yana da tsawo, amma ciwon yana jin magani, ta hanyar tattaunawa da gwani da kuma ƙwayoyin da likita ya rubuta. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Wanda ya karye a ƙafa muna yi masa addu'a muna kuma kai shi wurin ɗori. Karayar da take ciki ba ta fi ta waje abin kunya ba.

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Masana sun daɗe suna juya ta. Augustine na Hippo, ɗan Afirka ta Arewa, ya yi rubutu a kan ƙarya wajen shekarar 395, ya kuma tsaya a kan cewa ko domin taimakon wani ba a yarda a yi ta ba. Toma Akwinas, a ƙarni na 13, ya kasa ƙarya gida uku: ta wasa, da ta taimako, da ta cutarwa. Ya yarda nauyinsu ba ɗaya ba ne, amma bai wanke ko ɗaya ba. Wani zai ce: ai maƙwabciyar nan ba ƙarya ta yi ba, ta gaskata abin da ta faɗa. Haka ne, ba za mu kira ta maƙaryaciya ba. Laifinta wani ne dabam, shi ne ta ba da tabbaci a kan abin da ba ta da tabbacinsa. Da ta ce, “Na ji ana faɗa, amma ban sani ba,” da ta fita. Sai ta ce, “Haka abin yake.” Tsakanin waɗannan kalmomi biyu keken ɗinki ya salwanta.

A ganina nauyin bincike yana ƙaruwa da abu biyu: girman abin da za a rasa, da raunin wanda yake saurare. In ka gaya wa abokinka farashin tumatir a kasuwar Tarauni ka yi kuskure, asarar kaɗan ce, shi ma yana da ƙafar zuwa ya gani. Amma wadda ta binne mijinta jiya ba ta da ƙarfin tace magana. Duk abin da aka zuba mata sha take yi, kamar mai ƙishirwa. Wanda zai ba irin wannan ruwa, wajibi ne ya fara duba ko mai tsabta ne. Mai sayar da magani da ya miƙa ƙwayar da bai karanta sunanta ba, ba za mu karɓi uzurinsa na cewa ya so mara lafiya ya warke ba. Kyakkyawar niyya tana rage laifi, amma ba ta mayar da abin da ya ɓace.

Akwai mai cewa: Fada, ai sa rai shi yake riƙe mutum, in ka hana mu faɗin magana mai daɗi, da me za mu yi ta'aziyya? Wannan tambaya ce mai nauyi, ban kuwa raina ta ba. Amma ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya. Begen da aka gina a kanta bashi ne, ranar biya kuma mai makoki ne yake biya, shi kaɗai, bayan masu ta'aziyya sun watse. Gaskiya ba ta tilasta mana mu faɗi kome da kome a rana ɗaya; akwai lokacin yin shiru, akwai zaɓen kalma mai taushi. Abin da ta hana shi ne mu cike shirun da abin da muka ƙaga. Sau da yawa kalmar da ta fi kowace warkarwa ita ce: “Ban sani ba, amma gobe zan raka ki mu tambaya.” Mai faɗin haka bai yi alkawarin gida ko miliyan ba, ya ba da ƙafarsa da yininsa, waɗannan kuwa ba sa zama ƙarya.

Saboda haka ina roƙonku abubuwa kaɗan. Ku sojoji da kuke cikinmu, na barikin Bukavu da na Janguza da masu zuwa hutu daga bakin daga, ku duba sunan da kuka rubuta, ku gyara shi in ya kamata, ku kuma gaya wa matanku inda takardar aure da takardun haihuwar yara da lambar aikinku suke. Yin haka ba kiran mutuwa ba ne, ƙauna ce. Ku matan sojoji, ku riƙi magajiyar bariki da ƙungiyoyinku na mata da limaman soja, na Kirista da na Musulmi, domin sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Kada ku ba kowa asalin takardunku ko lambar sirrin asusunku. Ku 'yan Zumuntar Mata da matasa da dattawa, in saƙo ya shigo wayarku a kan kuɗin sojoji ko wani sabon tallafi, ku tambayi kanku wa ya faɗa, yaushe, kuma su wa ya shafa, kafin yatsa ya tura shi gaba. In kun ga maƙwabci ya dawo daga daji ya sāke hali, kada ku yi masa suna. Ku zauna kusa da shi, ku taimaki iyalinsa su kai shi ga likita. In kuwa ya fara maganar ya gaji da rayuwa, ko matarsa da 'ya'yansa suna cikin haɗari, wannan ba abin jira ba ne, a nemi taimako a ranar. Maƙwabciyar da take cikin wannan hali, ko coci take zuwa ko masallaci, haƙƙinta a kanmu ɗaya ne.

Baiwar Allahn nan ta Daurawa, a ƙarshe wani tsohon saje ne ya raka ta ofishin da ya kamata. Ashe takarda ɗaya ce ta rage, tun farko kuma da an tambaya da an gaya mata. Abin da ta samu bai kai abin da maƙwabciya ta faɗa ba, ya kuma fi ƙarfin babu ɗin da dattijo ya yanke. Ta ga likita, barcinta ya fara dawowa, yaron ya koma aji. Keken ɗinkin dai bai dawo ba.

Kowace shekara ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, manyan ƙasa su kan ajiye furanni domin tunawa da sojojin da suka kwanta dama. Abu ne mai kyau. Amma mu da ba mu da furanni muna da abin da ya fi su daɗewa: harshen da ba ya faɗin abin da bai sani ba, da ƙafar da take raka gwauruwa har ƙofar ofis da ƙofar asibiti. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya warkar da waɗanda suka dawo da rauni na fili da na ɓoye, ya kuma tsare bakunanmu. Amin.